Dodon Tatsuniya da Dodon Bidiyo

Babu gidan Bahaushe da ba a san Dodo ba. Tun kafin a ja wayar lantarki zuwa Maradi ko Damagaram, yaranmu sun san da wani abu mai gashi buzu-buzu da ke zaune a dokar daji ko a ƙarƙashin ruwa, yana jiran yarinyar da ta ƙi jin maganar uwarta. Shi ya sa idan na ji iyaye suna cewa fina-finan ban tsoro ne suka koya wa yara tsoro, ba na yarda ɗari bisa ɗari. Tsoro tsohon abu ne, mu da kanmu mun daɗe muna ba yara shi da dare, kuma da gangan. Abin da ya sauya shi ne hannun da ke miƙa musu shi, da kuma ko akwai babba a kusa lokacin da suke karɓa. A kan wannan nake so mu yi magana yau da ƴan uwana malamai da iyaye, domin na daɗe ina koyarwa a lakwal ɗin firamare, kuma abin da yaro ya kalla da dare yakan biyo shi har kan benci.

Mu fara da tatsuniya. Tana da ƙofar shiga, tana da ƙofar fita. Kaka ta ce "ga ta nan ga ta nanku", kowa ya san an bar duniyar gaske. In ta ce "ƙurunƙus", an dawo gida, Dodo ya koma inda ya fito. Tsakanin ƙofofin nan biyu yaro yana jingine da cinyar mai ba da labarin, yana jin ɗumin jikinta. Ita kuma tana kallon fuskokin yara: in ta ga ƙaramin ya fara rawar leɓe, sai ta rage murya, ta sako Gizo ya yi wata wauta a yi dariya. Sannan Dodon tatsuniya ba shi da hoto. Kowane yaro shi yake zana nasa a ka, daidai abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Mai shekara huɗu da mai shekara goma suna jin labari ɗaya, amma Dodonsu ba girma ɗaya ba.

Bidiyo bai san wannan ba. Hoto ɗaya yake ba kowa, ba ya duba fuskar mai kallo, ba ya rage murya. Masu shirya irin waɗannan fina-finai ma sukan bar ƙofar fita a buɗe da niyya: an kashe dodon, kowa ya numfasa, sai a minti na ƙarshe hannu ya fito daga kabari ko a nuna ƙwai yana tsagewa, don a samu hanyar sayar da kashi na biyu. Babba ya san dabarar kasuwa ce. Yaro kuwa abin da ya fahimta shi ne dodon bai mutu ba, kuma yanzu an ce ya je ya kwanta.

Da can silima tana da bakin ƙofa da mai karɓar tikiti, kuma ba kowane uba ke barin ɗansa ya je ba. Kaset ne ya rushe wannan katanga. Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, cikin ƴan shekaru fim ya bar zauren silima ya shiga falon mutane. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Ingila, farkon shekarun 1980, an yi ta cece-kuce kan kaset-kaset na yanka da jini da yara ke samu a shagunan haya, har hukuma ta fitar da jerin fina-finan da za a iya gurfanar da mai sayar da su, ciki har da The Evil Dead na 1981, sannan majalisa ta yi doka a 1984 cewa kowane kaset sai an tantance shi an rubuta masa shekarun mai kallo. A Amurka ma a shekarar 1984 ɗin aka ƙirƙiro alamar PG-13, bayan iyaye sun koka da fina-finai irin su Gremlins, wanda suka kai yaransu suna zaton wasan yara ne.

Mu a nan, kaset ya iso mana ba tare da wannan tacewa ba. Ina ɗan kwaleji a Damagaram lokacin da gidajen kallo suka cika unguwanni: rumfar zana, benci biyar ko shida, telbijin ɗaya bisa tebur, injin wuta yana ƙara a baya. Dala biyar ko dala goma ka shiga. Ana rubuta fim ɗin ranar da alli a allo, mu kuma mu laƙaba masa namu sunan: "mai macijin nan", "mai ƴar tsana", "mai gawa tana tashi". Kaset-kaset ɗin wasu daga Kano suke zuwa da Ingilishi, wasu da Faransanci, mu dai ba maganar muke bi ba, dodon muke jira. A nan na ga Predator na 1987, da Chucky, ƴar tsanar nan mai kisa ta 1988, da Nagina na Indiya wanda Sridevi ta fito a macijiya mai rikiɗa mace. Daga baya Anaconda na 1997 ya zo, ya yi watanni ana maimaita shi. Ba zan ɓoye ba, mun ji daɗinsu. Akwai wani daɗi a tsoron da mutum ya saya da kuɗinsa, yana zaune cikin abokai, wani ya yi ihu kowa ya fashe da dariya, a fito ana kwaikwayon tafiyar dodon har gida.

To amma ko gidan kallon nan, duk da lalacewarsa, yana da abubuwa uku da yanzu babu su. Yana da kuɗin shiga, yana da lokacin tashi, yana da jama'a. Faifan CD ya zo ya kawo fim cikin ɗakin uwa. Yanzu kuma waya ta kai shi ƙarƙashin bargo. Yaro ya kai ɗan katin waya wurin masu tura fim a bakin kasuwa, a cika masa da fina-finai ashirin a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Babu kwali, babu alamar shekaru, sau da yawa ko sunan fim ɗin babu. Da yawansu kuma an fassara su da Hausa, saboda haka katangar harshe da ta kare mu a da ita ma ta faɗi. Wa ya tura wa ƙane, ƙane ya nuna wa ƙanwa mai shekara biyar, iyaye suna tsakar gida suna hira, ba su san an shigo musu da baƙo ba.

Ni a ganina kuskure ne a zuba fina-finan nan duka a buhu ɗaya. Kashi uku na raba su, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko su ne na dabba da dodo: ƙaton maciji, kada, kifi mai cin mutane, dabbobin da suka shuɗe irin na Jurassic Park na 1993. Waɗannan su suka fi kusa da tatsuniya, kuma su suka fi sauƙin warwarewa, domin dodon na waje ne, ana ganinsa, ana iya bayyana yadda aka ƙera shi. Wasunsu ma akwai magana mai nauyi a cikinsu. Godzilla na farko an yi shi a Japan a 1954, shekara tara bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, kuma a labarin gwajin makamin nukiliya ne ya tayar da dodon daga teku. Mutanen da suka ga garuruwansu sun zama toka ne suka ba tsoronsu siffa don su iya kallonsa. Mu ma muna da namu: marigayi Moustapha Alassane ya yi fim ɗin Toula a farkon shekarun 1970, daga labarin Boubou Hama, inda fari ya addabi gari aka ce sai an ba aljanin ruwa budurwa. Wanda ya san farin waɗannan shekaru ya san ainihin dodon da ake nufi. Macijin rijiyar Kusugu da Bayajida ya kashe a Daura ma, in ka duba, labarin ƙishirwa ne da wanda ya tare wa mutane ruwa.

Na biyu su ne na yanka da jini, inda dodon mutum ne da wuƙa ko zarto, kuma ba abin da fim ɗin yake sayarwa sai yadda ake yayyaga jikin ɗan Adam. Waɗannan ba zan tsawaita ba. Ba na yara ba ne, ko a ƙasashen da aka yi su an rubuta hakan a jikinsu, kuma ban ga wani darasi da za a tsamo daga cikinsu ba.

Na uku su ne suka fi damuna, kuma su ne iyaye suka fi sakaci da su: na aljanu, mayu, tsafi da fatalwa. Dalili kuwa a fili yake. Idan yaro ya tsorata da Godzilla, zan iya ce masa babu irin wannan dabba a duniya, kuma gaskiya na faɗa. Idan ya tsorata da fim ɗin aljani, me zan ce? A makarantar allo an koya masa akwai aljanu, a gida ya ji ana maganar maita da sammu. Fim ɗin ya sauka ne a kan ƙasar da aka riga aka share masa. Yaron Amurka da ya kalli The Exorcist na 1973 yana iya fita ya tarar da mutanen da za su ce masa ƙirƙira ce kawai. Namu yaron yana fita zai tarar da wanda zai ce masa ai an taɓa yin haka a unguwa kaza. Fina-finan kudancin Nijeriya kuwa, tun daga Living in Bondage na 1992, inda mutum ya sadaukar da matarsa don ya yi kuɗi fatalwarta ta hana shi sakat, sun fi na Turawa kama zuciya, don fuskokin irin namu ne, gidajen irin namu, kasuwar irin tamu.

Abin bai tsaya ga mafarki ba. Fim ɗin maita yana koya wa yaro siffar maye, kuma siffar kullum ɗaya ce: tsohuwa matalauciya, marar haƙora, mai zama ita kaɗai. Na taɓa tarar da yaran ajina na CE2 suna jifar ƙofar wata dattijuwa da ke kusa da lakwal, suna gudu. Da na tsare su na tambaya, sai ɗaya ya ce: "Mushe, wallahi mayya ce, idonta irin na wadda ke cikin fim ɗin nan." Baiwar Allah yanar ido ce da ita, irin wadda likita ke cirewa. Washegari na kai su suka gaishe ta, suka ɗebo mata ruwa, ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Amma na daɗe ina tunanin abin. A jihar Akwa Ibom ta Nijeriya zargin maita ya kai ga ana korar ƙananan yara daga gidajen iyayensu, ana azabtar da su, har jihar ta yi doka a 2008 ta haramta zargin yaro da maita, kuma masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna danganta yaɗuwar abin da fina-finai irin su End of the Wicked na 1999, wanda ya nuna yara suna shiga ƙungiyar mayu cikin barci. Hoton da aka maimaita wa mutane sau ɗari yana iya zama hujja a wurinsu.

Akwai wata malamar jami'ar Wisconsin a Amurka, Joanne Cantor, da ta shafe shekaru tana nazarin yadda fim ke tsorata yara, kuma abin da ta gano ya dace da abin da nake gani a aji. Ƙananan yara, ƴan ƙasa da shekara bakwai ko takwas, siffa ce ke tsorata su: mummunar fuska, ko mutum ya rikiɗe ya zama wani abu a gabansu, ko da abin ba mugu ba ne a labarin. Irin waɗannan ce musu "ba gaskiya ba ne" ba ya yin aiki sosai. Abin da ke yi musu magani shi ne a rungume su, a ɗauke hankalinsu, a zauna kusa da su. Manyan yara kuwa abin da zai iya faruwa da gaske ne ke tsorata su, kuma su bayani yana amfanarsu. A wani bincike da ta yi da wata abokiyar aikinta aka buga a 1999, sun tambayi ɗaliban jami'a game da fim ɗin da ya taɓa firgita su, kusan ɗaya cikin huɗu suka ce har lokacin tsoron bai sake su ba, bayan shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ashe ko macijin na telbijin ne.

A aji alamun ba su da wuyar ganewa ga wanda ya sa ido. Yaro yana gyangyaɗi tun ƙarfe tara na safe alhali ba aikin dare yake ba. Yarinya ta riƙe fitsari har ta jiƙa zane don ba za ta iya zuwa bayan gida ita kaɗai ba. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Uwa ta zo tana cewa yaron yana firgita cikin barci, an yi rubutu an yi hayaƙi. Addu'a ba ta da laifi, ni ma ina yi wa nawa. Amma tambayar farko da nake yi wa uwar ita ce: wayar wa yake ɗauka da dare, kuma me ke cikinta? Sau da yawa amsar tana aljihun yayansa. Kowane mushe kuma ya san yadda tsoro ke yaɗuwa a aji kamar wutar kara: mutum ɗaya ya kalla, kafin a tashi cin abinci yara arba'in sun ji labarin, an ƙara masa gishiri.

Abin da na gwada ya yi mini aiki da manyan yara, na CM1 da CM2, shi ne buɗe musu cikin dodon. Nakan gaya musu cewa Godzilla na farko mutum ne ya sa rigar roba yana tattake ƙananan gidaje da aka ƙera da hannu. Nakan ba su labarin Jaws na 1975, wanda masu Faransanci suka sani da Les Dents de la mer: kifin inji ne, kuma ruwan gishiri ya yi ta lalata shi, dole Steven Spielberg ya riƙa ɓoye shi yana nuna ruwa kawai da kiɗa. Daga nan sai na ce su gwada da kansu: duk wurin da ya fi ba su tsoro a fim, su kashe sautin su sake kallo. Suka dawo suna dariya, wai ashe rabin tsoron kiɗa ne. Yaron da ya gane inda aka ɗaura zaren, ya zama mai kallo da hankalinsa, kuma wannan ilimi zai amfane shi gobe idan aka turo masa hoton ƙarya ta WhatsApp.

Anaconda kuwa na mai da shi darasin kimiyya. Na ce musu macijin akwai shi da gaske, a fadamun Kudancin Amurka yake, ba shi da dafi, matsewa yake kamar mesa, amma na cikin fim inji ne da zanen kwamfuta, kuma babu irinsa a Nijar. Sai na tambaye su wane maciji ne ke kashe mutane a ƙauyukanmu. Shiru. Kububuwa ce, wadda tsawonta bai kai kamu biyu ba, mai fitowa da dare, wadda dafinta ke hana jini daskarewa har dasashi ya riƙa zubar da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe tsakanin mutum 81,000 da 138,000 kowace shekara, alhali kifin da Jaws ya sa duniya ke tsoro da wuya ya kashe fiye da mutum goma a shekara. Muka rubuta a allo: a sa takalmi da dare, a riƙe fitila, in an yi sara kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a garzaya CSI mafi kusa. Tsoro baiwa ce da Allah ya sa mana don kariya. Illar fim ita ce yana kashe wa yaro wannan baiwa a kan abin da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba, ya bar shi yana tafiya gona ba takalmi.

Ga iyaye, ba na ba da shawarar a ce an hana kallo kwata-kwata, don wanda aka hana a gida zai kalla a fada, kuma in ya tsorata ba zai faɗa ba saboda tsoron duka. Ga dai abin da nake ganin kowa zai iya. Ƙaramin yaro da bai kai shekara takwas ba, a nisanta shi da fim ɗin ban tsoro kowane iri, kuma a ja kunnen yayyensa, don ta hannunsu abin ke zuwa. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Masu kallon tashoshin Faransa su lura da ƴar lambar da ke fitowa a kusurwar allo, 10, 12, 16 ko 18: shekarun da bai kamata wanda bai kai su ba ya kalla ke nan. Uba ya karɓi katin wayar ɗansa lokaci-lokaci ya duba, ba da faɗa ba, ya ce "zo mu gani tare". In yaro ya kai shekara goma sha biyu yana son fim ɗin dodo, a zauna a kalla da shi da rana, a yi hirar abin bayan an gama. Wannan hirar ita ce "ƙurunƙus" ɗin da bidiyo ba ya faɗa.

In kuma yaro ya riga ya gani ya firgita, kada a yi masa dariya, kada a ce masa rago ko matsoraci, musamman ɗa namiji da muke saurin kunyatawa. A bar shi ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, a bar masa fitila, a kwanta kusa da shi kwana biyu, a koya masa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi a matsayin garkuwa da natsuwa. Kada kuma mu riƙa aron dodon fim muna horo da shi, irin "in ba ka yi shiru ba zan kira mai ƴar tsana". Kuma duk ranar da muka ji yaro ya kira wani mutum maye, a tsaya a nan take a warware maganar, kada a bari ta kwana.

Ƴan uwana malamai, minti goma a safiyar Litinin ya isa a tambayi yara abin da suka kalla a ƙarshen mako. Za ku sha mamakin abin da za ku ji, za ku kuma gane dalilin gyangyaɗin wasu. A taron iyayen yara ma a sa maganar cikin jerin abin tattaunawa, kusa da maganar kuɗin alli da gyaran rumfa. Masu tura fim a kasuwa ƴaƴanmu ne kuma ƙannenmu, suna neman abincinsu. In mai unguwa ko liman ya roƙe su su daina tura wa ƙananan yara irin waɗannan, da yawansu za su ji.

In babban hutu ya zo, yara za su yini a gida, dare kuma ya yi musu tsawo. Wanda yake da tsohuwa a gida, ya roƙe ta ta dawo da tabarmar tatsuniya ko sau ɗaya a mako. Wanda ba shi da ita, ya zauna ya ba da da kansa, ko da rabin labarin ya manta. Yaran za su taya shi ƙarasawa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su barci mai daɗi.